Kuɗin da Ba Ya Sayen Gishiri

Baba Garga ya bar mini gwangwanin shayi,
murfin ya yi tsatsa, da bakin wuƙa na ɓamɓare.
Ba zinari a ciki, ba takardar fili,
takardun kuɗi bakwai ne, an ɗaure da zare.

Shekara huɗu yana dafa wa Sinawa abinci
sa'ad da ake tare Binuwai a Lagdo:
kifi da citta, shinkafa ba mai, ruwan zafi tsura.
Ranar sallama wani injiniya mai yawan tari
ya zazzage aljihunsa a tafin Baba,
ya faɗi wata magana, ba wanda ya fassara.

Na san su tun ban san ƙirga ba.
Ja, mai mace a kan tarakta, iska na jan gashinta.
Ƙanana masu ruwan ƙasa.
Sai koriya, wani ya sunkuya kan injin sassaƙa ƙarfe,
shekara arba'in bai ɗago kai ba.
Inna takan ce, kuɗin da ba ya sayen gishiri, shara ne.
Baba ya ce, bar su, baƙi ne,
ba a aiken baƙo kasuwa.

Bana rufin ɗaki ya fara yoyo,
na aiki baƙin.

A Garwa, bayan rumfunan 'yan canji,
akwai Alhaji Sali, mai kiwon matattun kuɗi.
Kundinsa ya fi tubali kauri:
na Japan mai dattijo da gemu,
na Koriya mai ƙofar birni,
wani mai sifili jere kamar ƙwan zabi
da ya ce a zamaninsa bai sayi ƙwai ɗaya ba.

Ya wanke hannu. Ya goge. Ya ɗauko hantsaki.
Ban taɓa ganin an yi wa sefa wannan ladabi ba.

Shida ya duba shiru, yana gyaɗa kai:
kusurwa da kaifi, lamba a jere, takarda na amo.
Da ya zo kan koriya sai ya miƙe,
ya kai ta bakin ƙofa, ya ɗaga wa rana.
Zo ka gani, in ji shi. Tauraro a cikin jikinta,
ga kuma tsohon kwabonsu yana ɓoye kusa da shi.
Irin wannan ake nema har a can gidansu.

Sannan ya sa madubi, fuskarsa ta sauka.
Ninki huɗu. Kowane ninki yana cin rabo.
Wa ya yi mata guga?
Inna ce, da dutsen gawayi, don ta ga ta yamutse.
Wannan tabon fa?
Man gyaɗa ne, babban yatsan Baba.
Ya juya bayanta, ya yi salati:
ajami da jan alƙalami, layi biyu,
sunana, da daren Talatar da aka haife ni.

Da ba a so ta ba, in ji Alhaji,
da ta rufa maka gida har da zaure.
Yanzu kam, jaka biyu, don mutunci.

Shidan da ba wanda ya taɓa shafawa
su suka sayi kwano bandir ɗaya da ƙusa.
Na sa hannu, ya zura su a leda,
kowacce da ɗakinta, ba mai taɓa wata.

Koriyar na mayar aljihun gaba,
na ƙara mata ninki na biyar, ban damu ba.

A mota, wajen gadar Binuwai, 'yata Dudu ta karɓa,
ta shinshina, ta ce tana warin citta.
Ta nuna mai injin, ta ce, Kaka ne?
Na ce a'a.
Ta ce to me ya sa bai duba mu?
Na ce aiki yake yi, bari ya gama.